Ko Sun Canka Daidai, Wa Ya Ba Su Izini?

Duk mai asusun Google zai iya buɗe wani shafi da ake kira My Ad Center ya karanta abin da kamfanin ya rubuta a kansa: namiji ne ko mace, shekarunsa daga nawa zuwa nawa, da aure ko babu, da 'ya'ya ko babu. Wani bayanin mutum ne ya bayar da hannunsa ranar da ya buɗe asusu, wani kuwa kintace ne tsagwaronsa. Google da kansa ya shaida wa masu talla cewa idan mutum bai shiga da asusu ba, yakan kintaci jinsinsa daga irin shafukan da yake ziyarta. Twitter, wanda ya koma X, ya daɗe yana nuna wa wanda bai faɗi jinsinsa ba jinsin da aka liƙa masa. TikTok ma ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa yana hasashen jinsi da shekaru. Duk yana nan a rubuce, cikin dogon bayanin nan da kowa ke danna alamar amincewa bai karanta ba.

A nan Makka, idan wata a cikinmu ta leƙa irin waɗannan shafuka ta tarar an rubuta ta namiji ɗan shekara 50, dariya ake yi, a ce ashe na'urar ba ta da wayo. Idan ta canka daidai kuma sai a riƙe baki ana mamaki. Ni duka biyun ba sa ba ni dariya, kuma na biyun ya fi tayar mini da hankali. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ban kuwa taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar nan ba.

Da wasa jama'a suka fara ganin abin. A 2008 wani ma'aikacin harkar tallan intanet a Amurka, Mike Nolet, ya saka wata 'yar manhaja a shafinsa wadda ke gaya wa mai ziyara ko namiji ne ko mace. Dabarar ba ta da wuya. Rubutun da ake latsawa a shiga wani shafi shuɗi ne, idan ka taɓa shiga sai ya rine ya koma shunayya don ka gane inda ka riga ka je. Manhajar sai ta jero adireshin shafuka 10,000 da suka fi farin jini, a ɓoye, ta tambayi burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, launin kowanne. Wanda ya rine, ka je ke nan. Daga nan ta ɗauko ƙididdigar kamfanin Quantcast ta yawan maza da matan da ke shiga kowane shafi, ta buga lissafi, ta ce maka kashi kaza cikin 100 kai namiji ne. Mutane suka yi ta gwadawa suna tura wa juna sakamako. Ashe kafar da ya nuna, wasu da gaske suke bi ta cikinta. A 2010 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka gano shafuka 46 cikin manyan shafuka 50,000 na duniya suna leƙen tarihin masu ziyara ta wannan hanyar. A 2012 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi wani kamfanin talla mai suna Epic Marketplace da amfani da ita wajen gano masu neman maganin rashin haihuwa da waɗanda bashi ya yi wa katutu, don ya bi su da talla. Sai da ya amince ya daina, ya kuma goge abin da ya tara.

Masu burauza sun toshe wannan kafar tsakanin 2010 da 2011, amma kasuwar ba ta tashi ba, hanya ta sake. Yanzu akwai kukis, wato 'yan alamomin shaida da shafuka ke ajiyewa a waya, da lambar talla da waya ke ɗauke da ita, da na'urorin bibiya da ake dasawa a shagunan intanet, uwa uba manhajojin da muke wuni a ciki, waɗanda ba sa buƙatar leƙen tarihin kowa tunda a tsakar gidansu ake yin tarihin. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Kambirij da Microsoft suka duba abubuwan da mutum 58,000 suka danna wa alamar so a Facebook. Da wannan kaɗai, idan aka ɗauko namiji da mace, na'ura na iya bambance su sau 93 cikin 100. Fiye da shekara goma ke nan, kuma tun daga lokacin ba baya aka ci ba.

Na'urar nan ba ta san ki ba, 'yar'uwa. Taron da kika yi kama da shi ta sani. Idan yawancin masu duba farashin mota maza ne, duk wanda ya duba farashin mota an ƙara tura shi layin maza. Idan yawancin masu neman yadda ake dafa kabsa mata ne, magidancin da iyalinsa ke Kano yake girka wa kansa a ɗakin haya ya fara komawa layin mata. Kuma abin da take koyo da shi halin mutane ne na jiya. Ku dubi ƙasar da muke zaune. Kafin 24 ga Yunin 2018 mace ba ta tuƙa mota a Saudiyya. A Janairun shekarar ne aka fara barin mata shiga filin ƙwallo, a Jidda. A 2019 mace mai shekara 21 ta samu damar yin fasfo ta yi tafiya ba sai waliyyi ya sa hannu ba. A 2022 aka buɗe babbar gasar ƙwallon mata. Shirin gwamnatin Saudiyya na Burin 2030 ya sa ran mata masu aiki su kai kashi 30 cikin 100, aka wuce haka tun lokaci bai yi ba. To 'yar Hausawin da aka haifa a Hindawiyya, wadda yau take neman tsohuwar mota a kasuwar intanet ta Haraj, take bin labarin ƙungiyar ƙwallo ta Ittihad, take karatun akanta da daddare, a wurin lissafin da aka gina kan jiya ita namiji ce. Idan kuwa aka gane mace ce, sai a cika mata waya da jan baki da tukwane, a ɗauke tallan mota a kai wa yayanta.

Da a jan baki abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙirƙiri ɗaruruwan masu ziyara na bogi, komai nasu iri ɗaya, sai dai an rubuta wasu maza wasu mata, aka tura su shafukan neman aiki. Wani talla na horar da masu neman manyan muƙamai, masu albashin sama da dala 200,000 a shekara, ya fito wa mazan sau 1,852, matan kuwa sau 318. A 2019 wasu masu binciken daga Jami'ar Northeastern da abokan aikinsu suka sayi tallan ayyuka a Facebook ba su zaɓi jinsin kowa ba. Duk da haka tallan aikin katako ya je wa taron da kashi 90 cikin 100 maza ne, na karɓar kuɗi a kanti ya je wa taron da kashi 85 mata ne. Mai talla bai ce a ware ba. Na'urar ce ta ware da kanta, don ta lissafa wanda zai fi saurin latsawa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2019 aka gyara sashe na 3 na dokar ƙwadago ta Saudiyya, aka hana nuna wa 'yan ƙasa bambanci saboda jinsi ko shekaru ko naƙasa, a wurin aiki, da wajen ɗauka, har da wajen tallata gurbin aikin. Doka ce mai kyau. Amma mai duba doka rubutun talla yake karantawa, idan bai ga an rubuta maza kawai ba sai ya wuce. Wariyar yanzu a wurin rabon tallan take, inda babu mai gani. A da, idan aka manna takarda a bango aka ce ba a son mace, macen ta gani, ta san an zalunce ta, tana iya kai ƙara. Wadda talla bai taɓa zuwa wayarta ba fa, ƙarar me za ta kai? Ba ta ma san an yi ba. A Amurka sai da ƙungiyoyi suka maka Facebook a kotu kafin a 2019 ya daina barin masu tallan gida da aiki da bashi su zaɓi jinsi. Google ya bi sahu a 2020, sanarwarsa kuma Amurka da Kanada ta ambata. Wanda ya yi magana shi aka saurara.

Ni ma da talla nake cin abinci, kada a ɗauka daga nesa nake jifa. Abaya da turare da dabino nake sarowa a kasuwannin Utaibiyya da Bab Sharif, in tallata a waya, in aika Kano da Kaduna ta kago. Idan zan biya kuɗin talla akwai gurbin da ake zaɓar maza ko mata, kuma na san daɗinsa ga mai ƙaramin jari, wadda kowane riyal ɗinta ƙirgagge ne. Abokan sana'a sukan ce mini: Hajiya, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Ai mai shago a Bab Sharif ma kallo ɗaya zai yi miki ya san abin da zai sauko miki da shi. Gaskiya ne yana yi. Amma mai shago ina ganinsa yana ganina. Ya sauko da abin da ba na so, in ce a'a, in fita in bar shi a shagonsa. Ba ya biyo ni gida. Ba ya tsayawa a kaina ƙarfe biyun dare ya ga abin da nake karantawa. Ba ya sayar wa maƙwabcinsa labarina, ba ya kuma zagayawa ya rufe ƙofar wani shagon don kada idona ya kai. Ko ta fuskar riba ma kintacen ba gaskiya ba ne kullum: lokacin aikin hajji da Umarar azumi, da yawa daga masu sayen abaya a hannuna alhazai ne maza masu haɗa tsarabar matansu da 'ya'yansu.

Akwai kuma bambanci tsakanin macen da ta rubuta da kanta cewa ita mace ce, da wadda ta ƙi faɗa da gangan. Kowa ya san irin asusun matanmu a nan: hoton fure ko na Ka'aba, suna Ummu wane, wani lokacin ma sunan ƙaninta ne gaba ɗaya. Ba don wasa suke yi ba. Wata ta gaji da saƙon mazan da ba ta sani ba masu farawa da sallama su ƙare da neman hoto. Wata tana son ta yi cinikin mota ko hayar gida ba tare da an tsawwala mata ko an raina ta ba. Wata tambaya take son yi wa malami a kan abin da kunya ba za ta bari ta faɗa da sunanta ba. Wata kuma igamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu, ko ba ta taɓa samu ba, duk abin da zai nuna ko ita wace ce gudunsa take yi. Kowacce ta auna rayuwarta ta yanke shawara ta rufe wannan bayanin. Sai kamfani ya zagaya ta baya ya gano, ya rubuta, ya sa a kasuwa. Gurbin da nake zaɓar mata don in sayar da abaya, shi ne dai a gaban dillalin da ke farautar 'yan mata a Arewa da alƙawarin aikin shagala, wato aikatau a gidaje, mai albashi, da mai maganin bogi na gyaran jiki, da ɗan damfarar da ya san uwa ba ta jure jin an ce ɗanta na cikin hatsari.

Kuma gane jinsi matakin farko ne kawai. Da zarar an ce mace ce, sai a shiga neman shekarunta, da aure ko babu, da ciki ko babu. Wata amarya a gidan da ke jikin namu, yarinya ce da aka kawo daga gida ba a daɗe ba, tsohuwar wayar mijinta take riƙewa, asusun kuma nasa ne, shi ne kuma a kan talabijin ɗin falon surukarta. Ta fara jin jiri da tashin zuciya, ta riƙa bincike a wayar cikin dare, ba ta gaya wa kowa ba. Wanda ya san Bahaushiya ya san cikin fari ba a shelarsa, sai ya fito da kansa. Wata rana bayan isha'i ana zaune ana shan shayi, ƙanwar mijin ta kunna talabijin, sai ga allon ya cika da bidiyon rainon ciki wata na farko, da abincin mai juna biyu, da tallan kayan jarirai. Falon ya yi tsit. Ƙanwar mijin ta juyo tana murmushi ta ce, “Amarya, ashe mun samu ƙaruwa ba a gaya mana ba?” Surukar ta ce Allah ya raba lafiya, ta ci gaba da jan carbinta. Yarinyar ta tashi ta shige ɗaki. Washegari ta shigo wurina idanunta sun kumbura, ta ce, “Wallahi Yaya, ko Ummata ta Kano ban faɗa wa ba.”

Gidan mutunci ne, ba wanda ya yi mata komai. Amma ku sauya labarin kaɗan. A ce maganin rashin haihuwa take nema, ga kishiya a zaune. A ce hukuncin khul'i take karantawa saboda dukan da take sha, mai dukan ne kuma ke riƙe da rimot. A gidajenmu na Shari'ul Mansur waya ɗaya takan zaga hannun uwa da 'ya'ya da kaka, asusu ɗaya yakan hau na'ura uku. Waɗanda suka tsara waɗannan manhajoji mutum ɗaya da wayarsa shi kaɗai suka hango, ba su hango mu ba.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa abu biyun wuri ɗaya: a nisanci yawan zato, kuma kada a yi bincike a kan asirin juna. Malamanmu suna karanta ta a kan maƙwabci mai kasa kunne a jikin bango, da matar da ke buɗe wayar mijinta yana barci. Hukuma ma ta ɗauki abin da zafi: a 2018 aka tunatar da jama'a cewa leƙen wayar miji ko mata ba da izini ba na iya jawo ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000 a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. To idan mijin da ya biya sadaki ba shi da ikon ya leƙa, ina dalilin da zai sa mu ɗauki leƙen wani kamfani a wata nahiya a matsayin abin da ba makawa? Ina so in ji malamanmu na nan, waɗanda ke karantarwa da Hausa a zaurukan unguwa da ta waya, sun faɗaɗa wa'azin ya kai nan, har ya taɓa mu masu sayen tallan.

Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fito a 2021, aka gyara ta a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su kimtsa. Hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke kula da ita. Ta ba mutum ikon sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge, ta shafi har kamfanonin waje masu sarrafa bayanan mazauna ƙasar, kuma tarar saɓa mata na iya kai riyal miliyan 5. Ta ware wasu bayanai ta ce masu hatsari ne, ba a talla da su: lafiya, asalin ƙabila, aƙida, da makamantansu. Jinsi ba ya cikin jerin. Na fahimci dalili, tunda a katin shaida ma a rubuce yake. Amma wanda na ba hukuma da sanina daban, wanda aka tono daga yawona na dare daban. A ganina duk abin da na'ura ta kintata game da mutum ya kamata a ɗauke shi da nauyin abin da aka karɓa daga bakinsa: a nemi izini a fili kafin a yi, da harshen da yake ji, kuma ƙin yarda kada ya hana shi amfani da manhajar. Tallan aiki da na haya da na bashi kuwa a hana raba su ta jinsi kwata-kwata, ko mai talla ne ya zaɓa ko na'ura, a kuma tilasta wa kamfanonin su nuna wa hukuma alƙaluman waɗanda tallan ya je wa. Abin da suka iya yi wa Amurka da Kanada, ba su da hujjar cewa ya gagare su a nan.

Dole hukuma ce za ta bi wannan da kanta, kada a jira ƙorafi. Bahaushen da ke da katin ɗan ƙasa zai iya shiga shafin hukuma ya rubuta ƙara da Larabci. Mai igama a hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, zai yi tunani sau biyu. Wadda ba ta da takarda ko kusa ba za ta je ba, alhali ita ce aka fi cuta idan asirinta ya fita.

Na san shawarwarin da ake bayarwa: ki kashe tallan da aka keɓance, ki goge lambar talla a saitin waya, ki raba asusunki da na maigida, ki yi amfani da burauzar da ke toshe masu bibiya, kamar Firefox da Safari da ke yin haka da kansu. Duk suna da amfani, ina kuma zama in nuna wa matan unguwa yadda ake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tattara nauyin a ɗora wa mace, a ce ita ce ba ta iya ɓuya ba. Tsohuwar da ko karatun boko ba ta yi ba, da saƙon murya take harkarta, ba za a ce ta yi kokawa da injiniyoyin da ake biya don su gano ta ba.

Akwai kuma wanda ke hannunmu tun yau, mu masu ƙananan sana'o'i. Masu kago a Jidda, da masu kamfanin Umara, da masu gidan abinci, duk sun koyi biyan talla a waya. Idan kana neman magatakarda ko mai lissafi ko mai amsa waya, Alhaji, ka bar gurbin jinsin nan a buɗe, ka kuma kai sanarwar da kanka zaurukan da mata suke, tunda ka ji na'urar za ta iya karkatar da ita ko ba ka sa ta ba. A unguwannin nan akwai 'yan mata da suka gama jami'ar Ummul Ƙura, suna jin Larabci da Hausa da Turanci, sun iya kwamfuta, wasunsu da motarsu, kuma aikin da kake tallatawa suke nema.